Alawar Ƙarfe Huɗu

Tun da Idalia ta kashe waya ran Litinin da safe, Eusebio Longoria ya rasa wurin zama a gidansa. Ya zauna a kujerar baranda, ya miƙe. Ya zagaya baya ya duba bishiyar lemo, ya tarar da ita inda ya bar ta. Ya buɗe firji, ya tsaya yana kallon ƙwai, ya rufe. Dattijo mai shekara saba'in da huɗu, gwiwar hagu ta daɗe da yin murabus, amma ga shi yana kai-kawo tsakanin kicin da ƙofar gida kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai.

Maganar 'yar tasa ba ta da tsawo. Ran Juma'a za ta taso daga San Antonio ta kai mahaifiyarta a yi mata gwajin jinin nan na wata uku. In lambar sukari ta sauka, shi ke nan. In ta hau, a ranar za ta wuce da ita. Ta riga ta gyara ɗaki, ta samo matar da za ta riƙa wuni da ita.

"Apa, ba faɗa nake yi da kai ba," in ji ta. "Gyambon ƙafar Ama wata huɗu ke nan bai rufe ba. Na'urar huda yatsa kullum lambobi masu kyau take turo mini a waya, ƙafa kuma tana faɗin wani abu daban. Ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi."

"To ki tambayi ƙafar," ya ce. Bai ma san me yake nufi ba, bakinsa ne kawai ya ƙi yin shiru.

Gaskiyar magana, ba na'ura ce ke ƙarya ba, ba kuma ƙafa ba. Eusebio ne. Wata biyar ke nan, safe da yamma, yatsansa yake hudawa ya ba na'urar jininsa, ita kuma ta aika wa Idalia da zuciya ɗaya. Shi ba shi da ciwon sukari, Allah ya raba shi da wannan, duk da cewa rayuwarsa kaf a bakin tukunyar alawa ya yi ta.

Matarsa Amparo ce mai ciwon. Shekara ashirin da shida tana fama da shi, irin famar da ake yi a garinsu Weslaco, inda kowane gida akwai mai shi kuma kowane biki akwai kek mai hawa uku. Sai shekara uku da suka wuce mantuwa ta shigo. Ta fara da makullai, kowa ya yi dariya. Ta ci sunayen jikoki, aka rage dariya. Ranar da ta tsaya a tsakiyar coci tana tambayar ina aka kai uwarta, wadda aka binne tun Idalia tana goye, ba wanda ya yi dariya. Bara ta daina kiran Idalia da suna. Bana kuma shi kansa Eusebio ya zama wani mutum mai kirki da ke yawan zama a gidan, wanda take yi wa godiya in ya ɗaura mata takalmi.

Sai dai ƙarfe huɗu na yamma.

A rumfar mahaifinta suka haɗu, shi yaron tuƙi, ita 'yar mai gida. Alawar madarar akuya suke yi a tukunyar tagulla, a tuƙa da muciya awa uku har madara ta yi ja ta kama jikinta, a zuba a tire, ta huce, a yanka. Yankan farko kuwa nata ne, don harshenta ya fi na kowa. Haka suka ci gaba bayan aure, shekara arba'in da takwas: ƙarfe huɗu a dafa gahawa, ya yanko gefen tire ya miƙa mata, ta ɗanɗana ta yanke hukunci, tana kiransa da sunansa na gida, Chebo. Ko "Chebo, ka bari ta wuce," ko "Chebo, ka yi gaggawa." Sau ɗaya a wata, in ta ga dama, ta ce, "Chebo, yau kam ka yi abin kai." Sun daina kai alawa kasuwar gwanjo tun tuni, amma wata rana a watan Mayu kewa ta sa ya ɗora 'yar tukunya, ya yanko ya ba ta. Ta tauna, ta ɗago ido ta dube shi, irin duban nan na wadda ta san duk laifukanka, ta ce, "Chebo, ka bari ta wuce."

Kuka ya yi a wurin, muciya a hannu. Washegari ya sake ba ta. Matsalar ita ce, bayan minti biyar ta manta ta ci, sai ta sake miƙo hannu, kuma kowane yanka da sunansa a ciki. Wa zai iya tsayawa a ɗaya? Yakan kai huɗu, wata rana shida. Ya san ba daidai ba ne, ba yaro ba ne shi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ke San Antonio bai san yadda gida yake ba in an wuni ana ce maka bawan Allah.

Da rana ta ɗaga ya ɗingisa zuwa shingen da ya raba su da Romulo, amininsa, wanda ya riƙe Idalia ranar baftisma. Romulo yana kwance ƙarƙashin motar da shekara goma ke nan yake gyarawa. Eusebio ya faɗa masa komai, har da yatsa.

"Kai, Chebo, ashe kai ma tsohon ɓarawo ne," in ji Romulo daga ƙarƙashin mota. Ya turo kansa waje yana goge hannu. "Yaushe ne gwajin?"

"Juma'a."

"Kwana uku cif. Ya isa har da canji. Ni duk sanda zan je wurin likita, kwana uku nake barin giya da burodi, in markaɗa nopal, ganyen nan mai kauri da ƙaya, in sha safe da yamma. Jini ya wanke tas, kamar an sauya wa mota baƙin mai."

"Kuma lambarka tana sauka?"

"Likitan ne dai ba ya son ganin ci gaban mutum."

Kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya, Eusebio ma ya sani. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kafin azahar ya yanko nopal daga bayan gida, ya kankare ƙayar, ya kwashi tiren alawa biyu ya kai gidan Romulo, ya ce ko ya zo yana kuka kada a ba shi.

Ran Talata da safe Amparo ta kalli kofin ruwan nopal, kore shar mai yauƙi, ta ce, "Na gode, na ƙoshi." Da lallashi ya samu ta sha rabi. Ƙarfe huɗu saura kaɗan ta taso da kanta ta zauna a teburin kicin, ta gyara wuyan rigarta. Kanta ya manta watan da ake ciki, amma jikinta ya san ƙarfe huɗu. Ya ajiye mata gahawa ba sukari, da yankan kokwamba da lemon tsami. Ta duba farantin, ta duba ƙarƙashinsa, ta dube shi.

"Bawan Allah, mai gidan nan ya fita ne?"

"Yanzu zai dawo," ya ce, ya juya yana wanke kofin da ba shi da datti.

Laraba ta fi muni. Ta buɗe kowace durowa a kicin, ta fito da cokula ta jera a ƙasa, ba ta san me take nema ba amma ta san babu shi. Shi kuma yana bin ta yana mayarwa. Sau uku ya kai bakin shinge ya dawo. Romulo yana kallonsa ta ƙarƙashin mota.

Ran Alhamis ta fita ta tsaya a bakin ƙofar waje da jakarta a hannu, rana tana dukanta, ta ce mijinta take jira. Ya kama hannunta zai shigar da ita, ta fizge.

"Kada ka taɓa ni. Ni matar aure ce."

Haka ya ɗauko kujera ya ajiye mata, ya tsaya nesa kaɗan riƙe da lema yana kare mata rana, har ta gaji ta shiga da kanta. Ya ƙirga awannin da suka rage: goma sha takwas. Ya gaya wa kansa cewa in dai aka tsallake gobe, to an tsallake.

Idalia ta iso ƙarfe tara na safiyar Juma'a, ta sumbaci uwarta a goshi, uwar ta ce mata sannu da zuwa irin wadda ake yi wa mai kawo wasiƙa. A kujerar bayan motarta Eusebio ya hango bargo da matashi an shimfiɗa, na tafiya mai nisa. Suka kama hanyar asibitin unguwa.

Dakta Alaniz 'yar garin ce, tun tana 'yar makaranta take sayen alawarsu. Ta duba gyambon ta daɗe tana dubawa. Aka ɗibi jini, aka ce su jira minti goma. Eusebio ya karanta duk takardun da ke manne a bango, har da na masu ciki. Da likitar ta dawo, ba Idalia ta kalla ba, shi ta kalla.

"Sha ɗaya da ɗigo huɗu. Wancan karon tara ne. Muna neman ƙasa da takwas."

"Ba zai yiwu ba," in ji Idalia, ta zaro waya. "Ga lambobin nan, wata biyar, ko ɗaya bai fita layi ba."

Likita ta karɓi wayar ta duba. "Waɗannan lambobin na mai lafiya ne garau. Baba Eusebio, ara mini hannunka."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya miƙa. Kan yatsunsa duk ɗigo-ɗigon baƙi ne, sun yi kanta. Ta juya hannun Amparo, nata sumul kamar na jariri. Idalia ta dubi hannayen biyu, ta ja numfashi, ta mayar da wayar jaka a hankali. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

"Kwana uku ba ta ci ko ƙwaya ba," ya ce da sauri. "Na rantse. Nopal safe da yamma. A sake gwadawa, wataƙila injin ne."

"Rabin garin nan haka suke yi mini, har da kawuna," in ji likita. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Wannan gwajin ba abincin jiya yake tambaya ba. Bari in tambaye ka abin da ka fi ni sani. Me ke sa madara ta yi ja a tukunyarka?"

"Sukari da wuta. Da haƙuri."

"To, sukarin yana manne wa wani abu ne a cikin madarar, furotin, ya kama shi ya sauya masa kama. A jikin mutum ma haka yake yi, sai dai wutar jiki a hankali take ci, ba awa uku ba, shekaru. Ƙwayoyin jini wata uku suke rayuwa, duk sukarin da ya manne musu suna ɗauke da shi har su mutu. Shi muka auna. Ko me ta ci tun watan Yuli, yana rubuce a nan."

Eusebio ya dubi matarsa, tana ta linke gefen siket ɗinta tana warewa. Ita ba ta san ta karya kumallo ba yau, amma jininta ya riƙe kowane yanka da ya ba ta, bai yafe ko ɗaya ba.

"A jini kawai yake mannewa?" ya tambaya.

"A'a. A jijiyoyi, a ido, a ƙoda. Abin da ya manne wa yakan yi tauri, ya daina aikinsa yadda ya kamata. Yana cikin abin da ke hana ƙafar nan rufewa."

"A kai fa?"

"Masu bincike suna samun irin wannan furotin da sukari ya kama a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa, kuma waɗanda suka daɗe da ciwon sukari sun fi kamuwa da mantuwar. Ko shi ke kawo ta, ko yana ƙara mata gudu ne, ko tafiya ce kawai ta haɗa su, har yanzu ana kan dubawa. Ban ce alawarka ce ta yi mata wannan ba, Baba Eusebio. Ba zan iya cewa haka ba, ba kuma wanda zai iya."

"Amma ba ki ce ba ita ba ce."

"Ban ce ba."

Ya so ya tambaya ko abin yana komawa yadda yake, sai ya fasa. Shekara hamsin yana tuƙi, bai taɓa ganin madarar da ta yi ja ta koma fara ba. Likitar ta karanci fuskarsa, ta ce na jini dai yana sabuntawa, wata uku sababbin ƙwayoyi za su maye gurbi, ƙafar ma tana iya rufewa in an sauke sukarin. Abin da ya tafi a kai kuwa ba ta yi masa alkawari ba. Ta ƙara da cewa in ba a sauke ba, maganar da za su yi nan gaba ta yanke ƙafa ce.

A hanyar komawa Amparo ta yi ta karanta allunan shaguna da ƙarfi. Suna isa Idalia ta shige ɗaki ta sauko da akwati. Yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo tana linke rigunan uwarta.

"Wata biyar, Apa. Kullum da safe in duba waya in ce Allah na gode. Ashe kai nake yi wa godiya kana da lafiya."

"Na yi laifi."

"Me kake ba ta?"

"Ƙarfe nawa yanzu?"

Ta dubi agogo a fusace. Huɗu saura kwata. Ya ce ta ba shi minti goma sha biyar, bayan nan ta yi abin da ta ga dama, ba zai tare ƙofa ba. Ya ɗingisa zuwa shinge. Romulo ya miƙo tire ɗaya ta sama, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar amininsa, ya rufe.

Amparo ta riga ta zauna a teburi. Idalia ta tsaya jikin firji ta harɗe hannu. Ya zuba gahawa, ya yanko gefen tire, ɗan ƙarami kamar kan babban yatsa, ya miƙa. Ta karɓa ta shinshina tukuna, yadda ta saba. Ta sa a baki, ta lumshe ido. Da ta buɗe su, duk wanda ya san ta a da zai gane ta dawo.

"Chebo, wannan ta kwana. Ta kwana fiye da ɗaya ma. Ni za ka ba tsohuwar alawa?"

"Tuba nake, uwar gida."

"Kullum tuba." Ta juya ta ga Idalia. "Kai kuma ba ka da ta ido, ga baƙuwa a tsaye ba ka yanka mata ba. Zauna, 'yan mata. 'Yata ma tana son gefen nan mai ƙonewa, in tana nan ba ta bar wa kowa."

Idalia ta zauna. Ta karɓi yankan ta riƙe, ba ta ci ba. Bayan 'yan mintuna hasken ya dushe, Amparo ta miƙo hannu tana neman wani, Eusebio ya ɗaga wuƙa kamar yadda ya saba. Idalia ta dafe hannunsa a kan teburi. Uban ya dubi 'yar, 'yar ta dubi uban, ya ajiye wuƙar.

Shi da Idalia sun daɗe a baranda, ta kuma buga wa likita waya. Sharuɗɗan da Idalia ta kafa ba na wasa ba ne, uwarta ta gado wajen yanke hukunci. Wata uku za ta ƙara masa, ba ƙari. Gobe za a manna wa Amparo wata 'yar na'ura a damtse, mai auna sukari dare da rana da kanta, wadda ba ta karɓar yatsan kowa. Alawa kuwa likita ta yarda da yanka ɗaya, ƙarami, ranar Lahadi bayan abinci. Idalia da hannunta ta yanka guda goma sha uku, ta naɗe kowanne daban, ta kai wa matar Romulo ajiya, don Romulo kansa ba abin yarda ba ne. In lambar ba ta sauka ba a watan Janairu, babu sauran magana.

"Ko ta bi ni ta samu ƙafarta, ko ta zauna da kai ta samu ƙafarta," ta ce. "Zaɓi ɗaya ne babu, shi ne wanda kake yi."

"Kwana shida ba za ta san ni ba."

"Ni shekara guda ke nan, Apa."

Ran Asabar da yamma ta kama hanya, akwatin ya koma saman kabad. A kujerar baya, kan bargon da ta shimfiɗa wa uwarta, tukunyar tagulla ce ta tafi San Antonio, an ɗaura mata bel.

Lahadi ta zo, aka ba shi "Chebo, ka yi gaggawa," ya karɓa da hannu biyu. Da ta miƙo hannu karo na biyu ya nuna mata faranti babu komai, ta yi fushi, ta manta da fushin.

Ran Litinin tun ƙarfe uku ya fara zagaye. Ya share barandar da ya share da safe, ya je shinge ya dawo, ya wanke mata gyambo ya sauya bandeji, ya ga kamar bakin ya ɗan tsuke, ko kuma idonsa ne ke so. Huɗu saura kaɗan ta zo ta zauna, ta gyara wuyan riga. Ya ajiye gahawa da yankan kokwamba, ya ja kujera ya zauna a gabanta. Ta duba farantin, ta duba ƙofa.

"Bawan Allah, mijina bai dawo ba?"

Ya tura mata kofin kusa da hannunta, ya juya mata mariƙin ta gefen dama.

"Ya aiko a faɗa miki," ya ce. "Sai ran Lahadi."